Hular da Baffa Ya Rataye a Bishiyar Bedi

Duk wanda ya zo mana gaisuwar Baffa a Kurfi, sai ya durƙusa ya yi addu'a a shafa, sannan ya yi tambayar da na gaji da ji: "Wai shi ɗin dai? Mi ya same shi?" Babu abin da ya same shi. Ya yi sallar La'asar a masallacin unguwa, ya dawo da ƙafarsa, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, ya ce a kawo masa ruwa. Kafin ruwan ya iso ya jingina da bango, shi ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum ne da ko ciwon kai ba mu taɓa jin ya yi ba, ya haura saba'in yana taka keke daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma.

A wurin zaman makokin akwai wani dattijo maƙwabcinsa da ya girme shi nesa ba kusa ba, mai tumbi tirtsitsi, wanda rabonsa da tafiyar da ta wuce masallaci har an manta. Aka shimfiɗa masa buzu ya zauna da ƙyar, ya dubi jama'a ya ce, "To kun gani ko? Shekara da shekaru shina bi na, wai in rage kitse, in riƙa tattaki da safe, in ba haka ba zuciya za ta buga. Yau ga ni zaune, shi mai tattakin mun kai shi."

Liman ya ce, "Alhaji, ajali ba ya duba tumbi."

Wasu suka murmusa, wasu suka yi istigfari. Ni ban yi ko ɗaya ba, domin abin da tsohon ya faɗa da baki shi ne yake cina a zuci tun da aka bugo mini waya. Na san ajali, an karantar da ni tun ina yaro. Amma sanin bai hana kaina ɗaurewa ba. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa duniya amfanin motsa jiki, sai ya riga duk ragwayen da yake yi wa wa'azi tafiya. Ni ma ina cikin ragwayen nan, don ko sayen katin waya za ni sai na tayar da babur.

Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta zuwa, don Baffa malamin wasanni ne a firamare har ya yi ritaya. Manyan mutane ne yanzu, da furfura da manyan riguna, amma kowa ya zauna sai ya koma yaro. Wani ya ce har gobe idan ya ji ƙarar usur sai gabansa ya faɗi. Wani ya ce gudun safen da Baffa ya ɗora masa shi ya raba shi da taba. Daga cikin gida aka ce wata mata ta zo tana kuka, ta ce shi ya je ya roƙi mahaifinta a bar ta ta riƙa tsallen igiya da 'yan ajinsu. Matar Baffa kuwa abu ɗaya take ta maimaitawa, wai da safen nan ya yi wa kekensa iska, ya ce gobe zai koma Dutsin-Ma wajen bawansa.

Bawan nan nasa shi ne mahaifina, kuma shi kaɗai ne bai zo gaisuwar ba.

Baba da Baffa taubasai ne. Mahaifin Baffa wan kakata ta wajen uba ne, wato Baffa ɗan namiji, Baba ɗan mace. A al'adarmu ɗan namiji ubangida ne, ɗan mace bawa, kuma tsakaninsu babu kunya babu fushi: a zagi juna, a ƙwace wa juna abu, a ci mutuncin juna a gaban jama'a, kowa ya yi dariya a watse. Baba mutum ne mai kwarjini, ɗan kasuwar hatsi da ko ƙannensa ba sa ɗaga ido su dube shi. A duk faɗin duniya Baffa ne kaɗai zai shigo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba ya ɗaga murya, "Ina bawan nan? Har yanzu shina zaune bisa buhu kamar kaza bisa ƙwai?" Baba ya amsa daga ɗaki, "Ga mahaukacin Kurfi nan ya iso, a ɓoye tuwo."

Tun muna yara mun san zuwan Baffa wahala ce. Da usur ɗinsa yake zuwa a wuya, kuma da an idar da sallar Asuba zai jera mu a tsakar gida. A wurinsa kowane wasa da gaɓar da yake yi wa magani. Langa, wai ita ke koya wa ƙafa ɗaya ɗaukar mutum idan 'yar'uwarta ta gaza. Kokawa, ba kayarwa ake koyo a cikinta ba, faɗuwa ake koyo, yadda za ka sha ƙasa ka tashi ka karkaɗe wando ba ka ƙullaci kowa ba. Gudu na zuciya ne da huhu. Ƙwallo kuwa maganin rowa ce, don mai riƙe ta shi kaɗai ba ya daɗewa bai sha duka a ƙwauri ba. Iyo ya ce babu gaɓar da yake bari, amma duk wanda ya kama a bakin dam ba babba tare da shi sai ya zane shi. Dambe ne kaɗai yake yi wa kallon nesa, ya ce kai ba ƙwarya ba ne da za a riƙa gwada ƙwarinsa. Har Inna, mahaifiyata, ba ta tsira ba. Ranar da ta fara aika hatsi inji, sai ya tsaya a kan turminta yana yi masa ta'aziyya, wai an kashe filin wasan mata. Inna ta ce idan daka wasa ne ga taɓarya nan, bisimilla. Ya kuwa tuɓe riga ya daka mata gero tas, yana yi yana waƙa, maƙwabta na leƙe ta katanga.

Ni ya fi sa wa ido. Duk haɗuwa sai ya dafa cikina ya ce, "Ɗana, wata nawa?" Idan na ce aiki ne ya yi yawa, ya ce, "Jiki gatari ne, ajiya ke kashe shi, ba sara ba." Na sha jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Akwai lokacin da nake hango kekensa in canza hanya.

Sai hawan jini ya kayar da Baba a rumfarsa ta kasuwa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, ma'aikacin da ke gasa masa ƙafa ya gaya mana gaskiya ba kwana-kwana: ƙafar za ta iya dawowa idan ana taka ta kullum, idan kuma aka bar ta ta kwanta, za ta sandare, ba kuma za ta sake tashi ba. Muka yi lallashi, muka yi roƙo, muka kira liman ya yi nasiha. Baba ya ce shi ba zai fita yana jan ƙafa yara na kallonsa ba. Wa zai tilasta masa? Ni ɗansa ne, iyakata in durƙusa in ce don Allah.

Baffa ya zo ya same shi kwance. Bai ce masa sannu ba, bai tambayi jiki ba. Ya tsaya a kansa ya ƙare masa kallo, sai kawai ya miƙa hannu ya cire hular da ke kan Baba, wata tsohuwar zanna da ba ya rabuwa da ita, ya fita ya rataye ta a ƙusar ƙofar ɗaki. Ya ce, "Bawa ba ya sa hula gaban ubangidanshi. In kana so, taso ka ɗauka."

Ban taɓa ganin Baba cikin fushi irin na ranar ba. Bakinsa a karkace, magana ba ta fita sosai, amma zagin ya fita. Na yunƙura zan ɗauko hular, Baffa ya daka mini tsawa. Inna ta kawo wata hular, Baba da kansa ya ture ta, don a ganinsa sa wata hula daidai yake da yarda an kayar da shi. Ya ja jiki ya kama bango, ya miƙe yana rawa, ya ɗaga ƙafa, ya tafi luu ya faɗi a kan kafaɗarsa.

A nan Inna ta manta da duk wata kunya. Ta ce, "Malam, wannan ba wasa ba ne, mugunta ce! Mutum na jinya ka zo kana mashi wasan yara? In kashe shi ka zo yi, ka hwaɗa mani. Fita mani daga gida!" Baffa ya sunkuya ya ɗaga Baba. Na ga idonsa ya kaɗa. Ya fita ya kwana a zaure ko tuwo bai ci ba. Da gari ya waye ya shigo ya gaida Inna da ladabi kamar ba a yi komai ba, ya wuce ya sake cire hular.

Haka aka yi ta yi. Daga ƙusar ƙofa hula ta koma bakin rijiya, daga rijiya ta koma zaure, daga zaure ta fita dakalin ƙofar gida. Ranar da ta fara fita waje Baba ya yi rantsuwa ba zai taka titi da kai a buɗe ba, Baffa ya ce ai shi ya sa ya kamata ya yi sauri kafin mutane su taru. Baba ya fita, da sanda a hannun dama, yana jan ƙafar hagu, yana tsine wa Kurfi da mutanenta. Kafin wani lokaci duk unguwa ta san dokar: idan ka ga hular Alhaji a rataye, ba ruwanka, ba a taɓawa. Baffa ya riƙa zuwa ya kwana biyu ya koma, kuma kafin ya tafi sai ya rataye ta wani wuri da ya fi na baya nisa. Har Baba ya kai ga zuwa masallaci da ƙafarsa. Inna ba ta taɓa cewa ta yafe ba, amma na lura duk zuwan Baffa sai ta dama fura da nono mai yawa.

Ni dai a lokacin ban san me zan kira abin ba. Wata rana in ga jinya ce, wata rana in ga cin zali ne da al'ada ta ba shi lasisi. Na taɓa tambayarsa ko ba ya tausayin Baba. Ya ce, "Masu tausayinshi sun yi yawa, ɗana. Abokin karawa ne ba ya da shi." Ya hau kekensa ya bar ni tsaye.

Da labarin rasuwar ya iso, Baba bai yi kuka ba. Ya ce a maimaita masa, aka maimaita, sai ya juya fuskarsa bango. Muka ce za a ɗauke shi a mota a kai shi Kurfi, ko jana'iza ba a samu ba a samu gaisuwa, ya ce ba ya zuwa. Na tafi na dawo bayan an yi sadakar uku, na tarar ko tsakar gida bai taka ba. A ɗaki yake alwala, a zaune yake salla. Masu zuwa yi masa gaisuwa a Dutsin-Ma sai dai su tsaya a zaure a ce musu ya gode. Na durƙusa na ce, "Baba, ƙafar nan fa an ce kada a bar ta ta kwanta."

Ya ce, "Shi da ya taka tashi tun shina yaro, ina ta kai shi? Mai ƙahwa biyu ya tahi, ni mai ɗaya ina za ni? Ku ƙyale ni."

Tambayar da ni ma nake yi ke nan. Na fito na zauna a dakali na rasa abin da ke mini daɗi. Kwanaki suna wucewa, ni ke taimaka masa ya juya, ina ji a hannuna yadda ƙafar take ƙara nauyi da tauri. Tsoro ya kama ni sosai, na ga za mu yi rashi biyu a wata ɗaya, ɗaya a kabari ɗaya a kan katifa.

Kansa a buɗe yake duk kwanakin nan, amma babu wanda ya kawo komai a ransa, mun ɗauka baƙin ciki ne. Sai wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na tsaya wajen mai shayin bakin filin makaranta, can gaba da masallaci inda samari ke buga ƙwallo. Yana zuba mini shayi ya nuna da haɓa ya ce, "Yallaɓai, hular Alhaji hwa tana shan ruwa."

Na waiwaya. Ga ta can a reshen bishiyar bedi a gefen fili, ta jiƙe sharkaf, ganye ya manne mata. Ashe ranar da Baffa zai koma Kurfi, tafiyarsa ta ƙarshe, a nan ya rataye ta. Na ce, "Kuna ganinta duk kwanakin nan ba wanda ya kawo?"

Ya ce, "Wa zai taɓa? Malam ya ce ba a taɓawa. Da muka ji rasuwar kuma sai muka rasa yadda za mu yi, a ɗauke ko a bari."

Na je gindin bishiyar na miƙa hannu, har yatsana ya taɓa ta. Sai na tsaya. Idan na kai masa, na san zai karɓa ya sa ya koma ya kwanta, an gama ke nan. Idan na bar ta, na bar hular mahaifina a ruwa saboda dokar mutumin da ke kabari, dokar da ban ma tabbata ta amfani mai ita ba. Na daɗe a wurin kamar wani sakarai, shayina ya huce. Daga ƙarshe na sauke hannuna na koma gida hannu rabbana.

Na faɗa wa Inna a ɗakin Baba. Ta ce, "Kai ma haukan ya kama ka? Koma ka ɗauko mashi hularshi." Na miƙe zan fita, sai muka ji muryar Baba, fuskarsa na bango.

"Wa ya ce a taɓa?"

Ya juyo. Ya ce, "Ina ya sa ta?" Na ce bedin bakin fili. Ya ce, "Bakin hili? Ya wuce masallaci hwa. Kai, wannan mutum bai da imani." Ya ce a miƙo masa sanda.

Ban san yadda zan kwatanta tafiyar nan ba. Ƙafar ta yi tauri, kafin mu kai zaure ya jiƙe da gumi. Na kai hannu zan riƙe shi ya buge hannun. Ya fito titi da kai a buɗe, furfura a waje, yana ja yana tsayawa, bakinsa bai huta ba: "Mugun ubangida. Ka mutu ma ba ka bar ni na huta ba. Ka tahi ba sallama, ka bar mani aiki." Mutanen da suka yi ta zuwa gaisuwa ba su gan shi ba suka riƙa fitowa daga shaguna. Wannan ya ce, "Alhaji, ya haƙuri?" Wancan ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Yana amsawa da "amin" a tsakanin zagi. A tsaye a kan titi ya karɓi ta'aziyyar taubashinsa, hawaye na zuba bai share ba, don hannun da zai share da shi yana riƙe da sanda.

Da muka isa gindin bedin na ga abin da ban lura da shi ba da farko. Reshen ya ɗan fi kafaɗa tsawo. Idan Baba ya saki sanda ya miƙa hannun dama, zai faɗi. Dole sai da hannun hagu, wanda tun da ya kwanta bai ɗaga shi ya wuce ƙirji ba. Baba ma ya gane. Ya dubi reshen ya yi wata irin dariya da kuka a ciki, ya ce, "Ɗan banza." Ya ɗaga hannun yana rawa ya sauko, ya sake ɗagawa ya sauko. Mai shayi da masu shan shayi duk sun zuba masa ido. Can ya cije leɓe ya tura kafaɗa, yatsunsa biyu suka kama bakin hular ya fizgo ta.

Na zaci zai sa ta. Ya tsaya yana juya ta, ruwa na ɗiga daga jikinta. Sai ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, in kai a shanya?"

Ya ce, "A shanya. Gobe ka kai ta gaba." Na tsaya ina kallonsa, don ɗa ba ya cire wa ubansa hula, ko a mafarki. Ya ce, "Ba ni da wani taubashi. Ni na ba ka izini. Kuma da ƙahwa za ka kai ta, kada in ji ƙarar babur."

Na ce, "Ta wane gefe?"

Ya ɗaga sanda ya nuna hanyar Kurfi. Ya ce, "Ban mashi sallama ba."

Har yau da nake rubuta wannan ban warware tambayar dattijon nan mai tumbi ba, kuma yana nan da ransa, an ce ma ya ƙara ƙiba. Ban san ko guje-gujen Baffa sun ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Na kuma san Baba ba zai taka har Kurfi ba, shi ma ya sani, ranar da ya shirya, mota za mu shiga, amma ya ce daga bakin maƙabarta zuwa kabarin babu mai riƙe shi. Kullum da safe nakan fita da jiƙaƙƙiyar zannar nan da ta bushe ta ƙanƙance, in nemi reshe ko ƙusa in rataye, in dawo ina haki, in tarar da shi a zaure da sandarsa yana jira, kansa a buɗe. Wani lokaci yakan dubi cikina ya ce, "Wata nawa?" sannan mu kama hanya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya shimfiɗa masa kabarinsa ya yalwata shi, don mutum ne da ba ya son wurin da ba a miƙe ƙafa. Mu kuma Allah ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo, a zaune ta same mu ko a tafe.